Riga a Akwati, Hula a Kwando: Lissafin Yiwuwar Abubuwa Biyu

A darasin da ya wuce mun koyi ninka kaso da kaso: lambar sama da ta sama, lambar ƙasa da ta ƙasa. Wanda ya taɓa zama wajen rabon gado bai sha wuya ba, domin rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni ba baƙinsa ba ne. Yau za mu sa wannan ninkawar wani aiki dabam, wato auna yiwuwar abin da bai faru ba tukuna. Da tufafi za mu yi aikin, saboda kowa yana da su a ɗaki, kuma ana iya ƙirga su da hannu. Duk abin da littafin nan ya faɗa, kuna iya zube kayanku a tabarma ku gwada shi da kanku.

Hula ɗaya daga kwando ɗaya

Maigida yana da huluna huɗu a kwando: fara, baƙa, ja da koriya. An ɗauke wuta, ga shi ana shirin tayar da sallar asuba, sai ya sa hannu ya zaro ɗaya bai duba ba. Mece ce yiwuwar ya zaro farar?

Abin da hannunsa zai iya fitowa da shi huɗu ne. Wanda muke nema ɗaya ne. Yiwuwar ita ce 1/4, ɗaya bisa huɗu, rubu'i ke nan, ko kashi 25 cikin 100. Da a ce biyu daga cikin hulunan farare ne, sai ta zama 2/4, wato rabi. Ƙa'idar ba ta wuce haka ba: yawan abin da ake nema a sama, yawan duk abin da ke cikin kwandon a ƙasa.

Akwai sharaɗi a nan wanda bai kamata a tsallake shi ba. Sai fa idan hannu ba ya iya bambanta hulunan. Idan ɗaya dara ce sauran kuwa zanna bukar, yatsa zai gane ta ko a cikin duhu. Idan kullum wadda ya cire jiya da dare ita ce a sama, ita hannu zai fara taɓawa. A irin wannan hali 1/4 ɗin nan ba gaskiya ba ce. Saboda haka a duk misalan da ke tafe mu ɗauka kayan ɗinkinsu ɗaya, launi ne kawai ya bambanta, kuma an cakuɗa su kafin a lalubo.

Yiwuwa ba ta yin ƙasa da 0, ba ta wuce 1. Ya zaro shuɗiyar hula daga kwandon da babu shuɗiya: 0/4, sifili. Ya zaro hula ko wace iri: 4/4, wato 1, tabbas ke nan. Duk wanda lissafinsa ya ba shi amsar da ta fi 1, ya koma baya, akwai inda ya yi kuskure.

Akwati da kwando

Yanzu mu ƙara masa aiki. A akwatinsa akwai kaftani uku: fari, shuɗi da ruwan ƙasa. Zai lalubo riga daga akwati, ya lalubo hula daga kwando. Mece ce yiwuwar ya fito da farar riga da farar hula?

Kafin a taɓa ƙa'ida, mu ƙirga. Ga duk shigar da za ta iya fitowa:

Farar riga da farar hula, ko baƙa, ko ja, ko koriya.
Shuɗiyar riga da farar hula, ko baƙa, ko ja, ko koriya.
Riga ruwan ƙasa da farar hula, ko baƙa, ko ja, ko koriya.

Layi uku, kowane layi shiga huɗu, 12 ke nan. Fari da fari sau ɗaya tak ya fito a cikinsu. Amsa 1/12.

To, ku duba wannan. Yiwuwar farar riga ita kaɗai 1/3 ce. Yiwuwar farar hula ita kaɗai 1/4 ce. Idan aka ninka, 1/3 × 1/4 = 1/12. Daidai da abin da ƙirga ta ba mu. Ba sa'a aka yi ba. Cikin kowace safiya uku, kusan ɗaya ce zai samu farar riga, kuma cikin waɗannan safiyoyin na farar riga, rubu'insu ne kawai farar hula za ta biyo. Rubu'in sulusi ke nan, wanda kuwa ya san rabon gado ya san rubu'in sulusi ninkawa ake yi.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tarawa. Mutum ya ji an ce "riga da hula" sai ya rubuta 1/3 + 1/4 = 7/12. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan amsar. 7/12 ta fi rabi, alhali samun farar riga ita kaɗai ma sulusi ne. Ta yaya cika sharaɗi biyu zai fi cika ɗaya sauƙi? Duk sanda aka nemi abu biyu su faru tare, amsar ba za ta taɓa fin ƙaramar cikinsu girma ba. Wannan ma'auni ne mai kyau da za ku riƙa duba aikinku da shi.

Me ya halatta mana ninka 1/3 da 1/4 kai tsaye? Abu ɗaya ne: rigar da ta fito ba ta canza komai a cikin kwando ba. Ko fara ya zaro ko shuɗiya, huluna huɗu ne dai a kwandon, ɗaya fara. Irin waɗannan su ake kira abubuwa masu zaman kansu, wato faruwar ɗaya ba ta ƙara yiwuwar ɗayan, ba ta rage ta. Ga ƙa'idar:

Idan abu biyu masu zaman kansu ne, yiwuwar su faru tare ita ce yiwuwar na farko sau yiwuwar na biyu.

Kalmar "idan" da ta buɗe wannan jimlar tana da nauyi daidai da sauran jimlar gaba ɗaya, kuma za mu dawo kanta.

Mu ɗan ƙara kayan. A ce riguna biyar ne, uku farare biyu shuɗɗa. Huluna shida, biyu farare huɗu baƙaƙe. Duk shigar da za ta iya fitowa 5 × 6 = 30.

Farar riga da farar hula: 3/5 × 2/6 = 6/30
Farar riga da baƙar hula: 3/5 × 4/6 = 12/30
Shuɗiyar riga da farar hula: 2/5 × 2/6 = 4/30
Shuɗiyar riga da baƙar hula: 2/5 × 4/6 = 8/30

Ku tara lambobin sama: 6 + 12 + 4 + 8 = 30. Talatin bisa talatin, wato 1, domin dole ɗaya daga cikin huɗun nan ta faru. Shawarata ita ce kada ku yi saurin rage 6/30 zuwa 1/5 sai kun gama wannan binciken. Idan lambar ƙasa ɗaya ce, kuskure yana saurin bayyana.

Atamfar uwargida

Misalin da ke tafe shi ne zuciyar darasin, don haka mu bi shi a hankali.

Uwargida tana da atamfa kala huɗu, kowace an ɗinka mata zane da riga da ɗankwali. Bayan wanki da guga, yarinyarta ta shirya kayan: zannuwa huɗu a durowa ta sama, riguna huɗu a ta tsakiya, ɗankwali huɗu a ta ƙasa. Uwargida ta lalubo ɗaya daga kowace durowa. Mece ce yiwuwar duka ukun su zama na koriyar atamfar?

Durowa uku ne, babu wadda ta shafi wata. Ƙa'idar ba ta tsaya a abu biyu ba, ana ci gaba da ninkawa: 1/4 × 1/4 × 1/4 = 1/64.

Ga wata tambaya mai kama da ita amma ba ita ba. Mece ce yiwuwar ukun su dace, ko da wace atamfa ce? A nan uwargida ba ta damu da launi ba, ita dai kada ta fita da zane dabam riga dabam. Hanya huɗu ce za a dace: duka na atamfa ta farko, ko duka na ta biyu, ko ta uku, ko ta huɗu. Kowace 1/64. Biyu daga cikinsu ba za su faru lokaci ɗaya ba, don haka a nan ne tarawa take da hurumi: 4/64, wato 1/16. Ana iya bi ta wata hanyar. Zanen farko ko wanne ya fito ba laifi, yiwuwarsa 1 ce. Sai riga ta dace da shi, 1/4. Sai ɗankwali ya dace, 1/4. 1 × 1/4 × 1/4 = 1/16. Hanya biyu, amsa ɗaya.

Yanzu a ce ba yarinyar ce ta shirya kayan ba, uwargida ce da kanta, kuma ta yi yadda mata suka saba: ta naɗe kowane zane da rigarsa da ɗankwalinsa a ciki, ƙunshi huɗu. Ta sa hannu ta ɗauki ɗaya. Yiwuwar duka ukun su zama koraye ta tashi daga 1/64 ta koma 1/4. Yiwuwar su dace kuwa ta zama 1. Kayan nan su ne dai, ba a ƙara ko ƙyalle ba. Yiwuwar koren zane shi kaɗai har yanzu 1/4 ce, ta koriyar riga ita kaɗai ma haka. Abin da ya canza shi ne yanzu zane yana janyo rigarsa. Wanda ya ninka 1/4 sau uku a wannan hali, hannunsa bai yi kuskuren lissafi ba, amma amsarsa ta yi ƙasa da gaskiya har ninki 16.

Don haka kafin ku ninka, ku yi wa kanku tambaya ɗaya: da na san yadda na farko ya fito, shin zan canza lambar da na ba na biyu? Idan amsar a'a ce, ku ninka. Idan e ce, sai an sake lale.

Safa biyu daga jaka ɗaya

Ba sai an naɗe kaya tare ba sannan ɗaya ya shafi ɗaya. Ɗiba daga wuri guda ma yana jawo haka.

A jakar ɗan makaranta akwai warin safa shida, huɗu baƙaƙe biyu farare. Ya lalubo ɗaya, ya riƙe, ya sake lalubo wata. Yiwuwar ta farko ta zama baƙa 4/6 ce. Amma da ta fita, saura wari biyar a jakar, baƙaƙe uku. Ta biyu ke nan 3/5. Ninkawa za a yi dai, sai dai da sabuwar lamba: 4/6 × 3/5 = 12/30, wato 2/5, kashi 40 cikin 100. Wanda ya manta cewa jakar ta ragu zai rubuta 4/6 × 4/6 = 16/36, kusan kashi 44. A farare tazarar ta fi fitowa fili: gaskiyar ita ce 2/6 × 1/5 = 2/30, wato 1/15, mai mantuwa kuwa zai samu 1/9.

Yiwuwar safar yaron ta dace, baƙi da baƙi ko fari da fari, ita ce 12/30 + 2/30 = 14/30. Bai kai rabi ba. Mafita gare shi ba ta buƙatar dogon lissafi: ya ɗebo wari uku ya fito haske, tunda launi biyu ne kawai, dole biyu daga ciki su zo ɗaya.

Da zai mayar da warin farko cikin jakar ya girgiza kafin ya sake lalube, da jakar ta koma yadda take, ɗiba biyun sun zama masu zaman kansu. Saboda haka duk tambayar da aka ba ku, ku nemi wannan bayanin: an mayar, ko ba a mayar ba?

Idan kayan suna da yawa ƙwarai, bambancin yakan yi ƙanƙanta. A ce mai sayar da gwanjo ya fasa dila mai kaya 400, 100 daga ciki na yara. Zaro na farko 100/400, na biyu 99/399. Yiwuwar biyun su zama na yara kashi 6.2 cikin 100 ce. Da an ninka 1/4 da 1/4 kawai, 6.25 za a samu. Cire riga ɗaya daga dila ba ya girgiza ta yadda cire wari ɗaya yake girgiza jakar yaro.

Lokacin da kotu ta ninka abin da bai kamata ba

Kada wani ya ɗauka wannan taka-tsantsan na cikin aji ne kawai. A 1964, a jihar Kalifoniya ta Amurka, an ƙwace wa wata dattijuwa jakarta a hanya. Shaidu suka ce wata farar mace ce mai gashi ruwan zinare da ta ɗaure shi ta baya, kuma ta shiga wata mota rawaya wadda wani baƙar fata mai gemu da gashin baki yake tuƙawa. Aka kama wasu ma'aurata masu suna Collins da suka yi kama da wannan siffa. Shaidun ba su iya tabbatar da fuskokinsu yadda ya kamata ba, sai mai gabatar da ƙara ya kira malamin lissafi ya yi bayanin ƙa'idar ninkawa, shi kuma mai gabatar da ƙarar ya kawo lambobi: mota rawaya 1/10, namiji mai gashin baki 1/4, mace mai ɗaurin gashi ta baya 1/10, mace mai gashi ruwan zinare 1/3, baƙar fata mai gemu 1/10, baƙi da fara a mota ɗaya 1/1000. Ku ninka lambobin ƙasa da kanku, za ku samu 12,000,000. Aka ce wa masu yanke hukunci ɗaya cikin miliyan 12 ne a samu wasu ma'auratan masu wannan siffa, aka kama Collins da matarsa da laifi.

A 1968 Kotun Ƙolin jihar ta soke hukuncin. Daga cikin dalilanta, lambobin nan babu wata hujja da aka kafa su a kanta, kuma ba a nuna siffofin masu zaman kansu ba ne. Wannan na biyun ku ma kuna iya ganinsa. Mai gemu galibi yana da gashin baki. Idan an riga an ƙirga gemu, a sake ninkawa da 1/4 saboda gashin baki daidai yake da ninka zanen uwargida da rigar da ke naɗe a cikinsa.

Shi kansa wannan fannin ba sabo ba ne. A 1654 wasu masana lissafi biyu na Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin caca idan wasa ya tsaya bai ƙare ba, kuma daga nan ake ƙirga farkonsa. Abraham de Moivre ya yi bayanin ninka yiwuwar abubuwa masu zaman kansu a littafin da ya wallafa a Landan a 1718. Daga teburin caca ya taso, amma yau likitoci da masu hasashen yanayi da masu binciken iri na noma duk da shi suke aiki. Kuma ba duba ba ne. Allah kaɗai ya san hular da za ta fito gobe. Lissafi hanyoyin da abu zai iya faruwa kawai yake ƙirgawa.

Kwando ba ya tuna jiya

Mu koma wajen maigida da hulunansa huɗu. Kullum da dare yana mayar da wadda ya sa, a cakuɗa. Kwana uku a jere jar hula ce take fitowa. Ranar ta huɗu fa? Mutane da yawa za su ce yau kam da wuya ja ta sake fitowa. Ku leƙa kwandon: huluna huɗu, ɗaya ja. 1/4, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Gaskiya ne ja sau huɗu a jere abu ne mai wuya, 1/4 × 1/4 × 1/4 × 1/4 = 1/256. Amma wannan lissafin na wanda yake tsaye kafin ranar farko ne. Wanda ya riga ya ga uku sun wuce, rana ɗaya ce ta rage masa.

Wani kuma zai ce, tunda 1/4 ce, cikin kwana huɗu dole ja ta fito sau ɗaya. Shi ma tarawa ta yaudare shi. Hanya mafi sauƙi ta gano yiwuwar ta fito ko da sau ɗaya ne ita ce a bi ta baya. Yiwuwar ja ta ƙi fitowa a rana ɗaya 3/4 ce. Ta ƙi fitowa kwana huɗu a jere: 3/4 × 3/4 × 3/4 × 3/4 = 81/256, kusan kashi 32 cikin 100. Abin da ya rage, 256 a ɗebe 81, shi ne 175/256, kusan kashi 68. Yana da yawa, amma bai kai tabbas ba. Abin da 1/4 take nufi shi ne idan aka daɗe ana yi, a ce safiya 400, jar hula za ta fito wajen sau 100, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan.

Na tsaya a kan waɗannan lambobin ne saboda akwai inda suke shafar gidajenmu fiye da hula. Ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini, gadonsa ake yi daga uwa da uba. Kowane mutum yana da ƙwayar gado biyu ta wannan ɓangaren, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai AS lafiyarsa ƙalau galibi, amma duk ɗan da zai haifa zai karɓi ɗaya daga cikin biyun, ko A ko S, rabi da rabi. Abin da uba ya bayar bai shafi abin da uwa ta bayar ba: akwati da kwando ke nan. Idan miji AS ne mata ma AS, yiwuwar ɗa ya karɓi S ta kowane ɓangare, wato ya zama SS mai ciwon, ita ce 1/2 × 1/2 = 1/4. AA ma 1/4. AS kuwa hanya biyu take zuwa, S daga uba ko S daga uwa, don haka 2/4.

Kowane ciki zaman kansa yake. Ana yawan jin ma'aurata suna cewa tunda na fari ya zo da SS, uku masu zuwa sun tsira. Ba haka ba ne. Ciki na biyu 1/4 ne, na uku ma 1/4. Wasu kuma su haifi uku lafiya su ce ashe gwajin ƙarya ne, alhali yiwuwar haihuwa uku ba SS 27/64 ce, ba wani abin mamaki ba. Lambobin hular nan su ne dai: cikin haihuwa huɗu, yiwuwar babu mai SS ko ɗaya kusan kashi 32 ce, yiwuwar a samu ko da ɗaya ne kusan kashi 68. Duk wanda zai yanke shawarar aure bayan gwajin jini, ko zai aurar da ɗansa ko 'yarsa, ya cancanci ya san wannan lambar ta biyu, ba 1/4 kaɗai ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar S, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a ƙasar kowace shekara, wajen 20 cikin kowace haihuwa 1,000. Mu gwada da abin da muka koya. Miji ya zama AS, kusan 1/4. Mata ta zama AS, kusan 1/4. Ɗa ya gaji S biyu, 1/4. An dawo 1/64 irin ta atamfar uwargida, wato kusan 16 cikin 1,000. Mun kusa, ba mu kai ba. Akwai abubuwan da lissafinmu bai saka ba. Masu SS su ma suna aure suna haihuwa. Sannan aure ba laluben durowa ba ne: a auren zumunci, idan miji yana da S, yiwuwar 'yar baffansa ma tana da ita ta fi ta bare, domin kakansu ɗaya.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ku samo leda baƙa guda biyu. A ɗaya ku sa ƙyalle uku masu launi dabam-dabam, a ɗayar ku sa huɗu, kowace leda da fari ɗaya a ciki. Tela zai ba ku ragowar yadi, amma ku yanka su girma ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙa zarowa daga kowace leda ba tare da ya duba ba, ɗayan yana rubutawa, a mayar a girgiza, har sau 60. Lissafi ya ce fari da fari zai fito wajen sau 5. Wasu za su samu 3, wasu 8. Malami ya tara na ajin gaba ɗaya a allo, a raba da yawan zarowar duka, a ga ko ya matso kusa da 1/12.

Tambayoyi

1. Wata mata tana da hijabi 5, biyu baƙaƙe uku ruwan toka, da jakar hannu 4, ɗaya baƙa. Ta lalubo hijabi da jaka. Mece ce yiwuwar duka biyun baƙaƙe ne?
2. Yaro yana da wando 3, riga 4, hula 2, kowane iri a wurinsa. Shiga nawa zai iya haɗawa? Mece ce yiwuwar ya lalubo daidai shigar da ya yi ranar Sallah?
3. A buhu akwai ɗankwali 10, uku jajaye. An zaro biyu ɗaya bayan ɗaya. Mece ce yiwuwar duka jajaye ne idan an mayar da na farko? Idan ba a mayar ba fa?
4. Waɗanne ne masu zaman kansu? (a) Hular da wani ya lalubo a Kano da mayafin da wata ta lalubo a Damagaram. (b) Launin kayan ƙawayen amarya biyu ranar da aka fitar da anko. (c) Mutum ya sa rigar sanyi, kuma ya sa safa, a safiya ɗaya.
5. Huluna huɗu, ɗaya ja, ana mayarwa kullum. Mece ce yiwuwar ja ta fito ko da sau ɗaya ne cikin kwana uku?
6. Mece ce yiwuwar haihuwar mai SS idan miji AA ne mata AS? Idan miji SS ne mata AS fa?

Amsoshi

Ta 1: 2/5 × 1/4 = 2/20, wato 1/10. Ta 2: shiga 24, yiwuwa 1/24. Ta 3: idan an mayar 9/100, idan ba a mayar ba 3/10 × 2/9 = 6/90, wato 1/15. Ta 4: (a) kaɗai. A (b) anko ya ɗaure su, a (c) sanyin da ya sa shi ɗaukar ɗaya shi ne zai sa shi ɗaukar ɗayan. Ta 5: 64/64 a ɗebe 27/64, saura 37/64, kusan kashi 58 cikin 100. Ta 6: mai AA ba shi da S da zai bayar, 0 × 1/2 = 0. Mai SS kuwa S kaɗai yake da ita, 1 × 1/2 = 1/2 a kowane ciki.